Maganaɗisun Halliru

Tun ranar da Halliru ya kunyata shi a kasuwar Tsafe, Lukuman bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Halliru dillalin tsofaffin ƙarafa ne, kuma duk ilminsa yana cikin wani zoben maganaɗisu na tsohuwar sifika da yake ajewa a 'yar jakar fata. Abin da zoben ya kama baƙin ƙarfe ne, na banza. Abin da ya ƙi kamawa jan ƙarfe ne, mai tsada. Ran nan ya ɗora shi a buhun wayar jan ƙarfe da Lukuman ya kawo sayarwa, ya manne, saboda wata ƙusa ɗaya tak da ta faɗa ciki. Halliru bai tsaya dubawa ba, ya tara jama'a ya ce ga ɗan damfara. Daga nan babu wanda ya ƙara sayen ko murfin tukunya a hannun Lukuman.

Ƙanwarsa Husna, da ke karatun kimiyya a Gusau, ita ta ba shi makami ba da saninta ba. Ya same ta tana bitar darasi a tsakar gida, ya tambaye ta cikin zolaya mi take haddacewa. Ta ce cikin ƙarfen maganaɗisu akwai ƙananan yankuna kamar gonaki, kowane ya fuskanci gefe guda, da iyaka tsakaninsu. Masana kan tura wani kaɗi ta ciki, kamar yadda iska ke ratsa gonar gero: kowane kara ya rausaya ya miƙa wa na kusa, ba wanda ya bar gurbinsa, amma idan kaɗin ya ratsa iyakar sai ta gusa. Zafi ma irin wannan kaɗin yake tayarwa, sai dai barkatai. In ya yi yawa, tsarin ya watse.

"To, sai maganaɗisun ya zama mi?"

"Dutse, Yaya. Kamanninsa dai na nan."

Lukuman ya juya yana kallon murhu.

Sati biyu ya yi yana neman zobe mai girman na Halliru, har da ɓallin gefe irin na wancan ya yi masa da guduma. Ya binne shi cikin garwashin wani maƙeri har ya yi ja, ya bar shi ya huce a toka. Da ya kara masa allura, ta zame ta faɗi. Sannan ya hau mota zuwa Bunguɗu wajen abokinsa Sama'ila, wanda Halliru bai sani ba, suka cika buhu uku da wata waya da aka yi wa rufin jan ƙarfe, cikinta kuwa baƙi ne.

Halliru kan rataye jakar a turken rumfarsa idan zai tafi azahar. Kafin ƙiftawar ido Lukuman ya musanya zoben da nasa. Yana dawowa ya tarar da Sama'ila da buhuna. Ya goga zoben sama da ƙasa, bai kama ba, ya saye duka yana murmushin wanda ya sami baƙon da bai san farashi ba.

Washegari Lukuman ya riga shi isa filin babban dillalin Gusau inda Halliru kan sayar da kayansa, wani Alhaji da ba ya son dogon zance. Ana sauke kayan, Alhaji ya jefa nasa maganaɗisun, ya manne ƙam a buhun farko, haka na biyu, haka na uku. Halliru ya rantse, ya ciro nasa zoben ya danna a ƙofar ƙarfe don ya nuna lafiyarsa lau. Zoben ya sulale ya faɗi ƙasa. Masu dako suka kwashe da dariya. Alhaji ya ce a gaban kowa kada ya sake tako masa fili, kuma zai sanar da sauran dillalai.

Halliru ya durƙusa yana kokawa da buhu shi kaɗai, gumi na zuba daga gemunsa. Ba wanda ya matsa. Lukuman ya taho a hankali ya kama ɗaya kunnen buhun.

"Sannu, Baba Halliru. Bari in kama maka. Baƙin ƙarfe akwai nauyi."