Fiton Gidan Mai Walda

Ranar da dokar ta fara aiki, Mai Walda bai ji ta a rediyo ba, don giranda na ta kuka. Lauya ne ya tsallako titi ya kawo masa ita. Lauya ba lauya ba ne. Shagon buga takardu gare shi, amma duk abin da ya ratsa injinsa sai ya karanta, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Kashe abin nan, maƙwabci, ka ji abin da majalisar tarayya ta dafa mana."

Mai Walda ya kashe, ya tura gilashin walda zuwa goshi.

"Daga yau, in mutum uku suka haɗu a kan suna ɗaya, ko kaya iri ɗaya, ko wata alama, ɗayansu ya yi ta'asa, to dukansu 'yan daba ne. Ba sai an kama ka da wuƙa ba. Kuma kotun tarayya za a kai ka, inda ba ka san ko masinja ba."

"Ni da kai da mai wankin mota mu uku ne, kuma duk sanƙo gare mu. Sai mu fara sa hula."

"Yi dariyarka. Alama, in ji su, ko ta jiki, ko ta hannu, ko ta baki."

"Ta baki kuma?"

"Kirari, waƙa, fito. Amma sun bar ƙofa a buɗe. Wanda ya kai kansa kafin ƙarshen wata, gidan gyaran hali za a kai shi, ya koyi sana'a ya fito. Wanda aka kamo bayan nan, sai ya yi furfura a ciki."

Mai Walda ya mayar da gilashinsa ya kunna giranda. Abin bai shafe shi ba. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babba yana tare da shi a shago, ba ya magana sai an tambaye shi. Ƙaramin kuwa, wanda ake ce wa Ƙusa saboda rama da taurin kai, yana koyon gyaran waya a kasuwa, ko dai haka yake cewa.

Gidan na da fito nasa. A shagon walda murya ba ta da amfani, ƙarfe ya fi ta baki. Tun yaran na ƙanana ya ƙirƙiro musu kira: dogo ɗaya, gajeru biyu. Wannan kowa a layin ya san shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne amsar, wani ɗan gajeren fito da ake yi ƙasa-ƙasa ta tsakanin haƙora, ma'anarsa na ji, ina zuwa. Surukarsa, kafin ta rasu, ta sha cewa wata rana zai kira abin da ba zai iya kora ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, aka tare wani mai kai kaya a tashar bas ta bakin layi. An karɓe babur, an yanke shi a hannu. Wuta ta ɗauke a lokacin, shagon shiru, Mai Walda na auna ƙarafan taga. Sai ya ji daga bayan gine-gine: dogo ɗaya, gajeru biyu.

Ya ɗago kai kamar an kira sunansa.

Daga wani lungun kuma aka amsa. Ƙasa-ƙasa, ta tsakanin haƙora.

Ya waiga. Babba ba ya nan, ya aike shi sayo rodi. Wanda ke nan shi ne Sajan, ɗan sandan da ya zo duba ƙarafan tagar gidansa, yana zaune a kan benci cikin kayan gida. Sajan ya miƙe, ya leƙa titi inda mutane ke gudu, ya yi waya a gurguje, ya dawo ya zauna.

"Waɗannan su ne na bayan tsohon gareji," ya ce. "Sun canja kira. Da can tafi suke yi." Ya kaɗa ƙafa. "Amma fiton nan kamar na san shi."

"Baki ɗaya ne kowa ke da shi, Sajan."

"Haka ne. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Ya shafa ƙarfen taga. "Aikinka na da kyau. Yaran suna lafiya?"

Bai taɓa tambayar yaran ba sai yau.

Da yamma a gida Mai Walda ya zauna cin abinci, amma idonsa ba ya kan kwano. Ɗakin zaman ƙarami ne, kujeru uku na ƙarfe da shi ya haɗa su, da fanka mai ƙara, da talabijin da aka rage wa murya. Ya dubi takalman da ke bakin ƙofa. Na Ƙusa sabo ne, fari tas. Ya dubi hannayen. Na Babba duk tabon tartsatsi. Na Ƙusa akwai ƙujewa a bayan yatsu.

"Me ya sami hannunka?"

"Ƙofar bas, Baba."

"Ita ta saya maka takalmin, don ta ba ka haƙuri?"

Ƙusa ya yi dariya. "Na abokina ne. Aro."

"Wane abokin?"

"Baba, yau bincike ake yi? Yaya, ka ji, an ɗauki Baba aikin ɗan sanda ba mu sani ba."

Babba bai ɗago ba. Ya cinye nasa, ya wanke hannu.

Da suka tashi, uwar yaran ta tattara kwanuka ta tsaya a kansa.

"Baban yara, tun da ka shigo kake kallon ɗan nan kamar ya ci maka bashi. Me aka ce ya yi?"

Ya gaya mata. Ta ajiye kwanukan.

"Don fito? Duk yaron da ya tashi a layin nan ya ji ka kana yi. Ko aku aka ajiye a nan da ya iya."

"Kiran, e. Amsar fa? Daga ni sai su. Ke kanki ba ki iya ba."

"Ni mace ce mai mutunci, ba na fito." Ta zauna a hannun kujera. Muryarta ta sauka. "To in ma shi ne, sai ka miƙa shi? Ka yarda da ƙofar nan da suka ce sun bari? Mai tarko ma hatsi yake zubawa."

"In ban miƙa ba, Sajan zai kwashe su duka biyun. Har ni, in ya so. Mu uku ne, kuma alamar tamu ce."

Ta ce, "Tambaye shi mana."

"Wanda ya ce min ƙofar bas?"

Kwanakin da suka biyo baya ya zama mai sauraro. Ya rage kunna giranda. Ya fara lura da wanda ke tsayawa a gaban shago ya daɗe, da wanda ke gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima. Samari biyu suka wuce suka ce, "Sannu da aiki, Babanmu," ya bi su da kallo har suka sha kwana. Da can haka ake gaishe shi, ko yanzu aka fara? Ya kasa tunawa. Lauya ma ya daina tsallakowa, sai ɗaga hannu daga nesa. Sajan ya zo sau biyu bai karɓi ƙarafansa ba, wai bai sami motar ɗauka ba tukuna. Yakan zauna a benci, ya yi hirar tsadar siminti, idonsa na yawo.

Ya gwada Babba wata safiya, suna riƙe da ƙyaure.

"Ƙaninka da su wa yake yawo?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ɗaki ɗaya kuke kwana."

"Barci nake yi."

"Ka taɓa jin ya yi fiton gida a waje?"

Babba ya gyara riƙon ƙyauren. "A ɗaga ta nan, ta karkace."

Yana rufa wa ƙaninsa asiri, in ji Mai Walda a ransa. Bai ga laifinsa ba. Amma wata na ta ƙarewa.

Saura kwana kaɗan, da rana tsaka, ya ce wa Babba ya tafi ya ci abinci, shi zai je karɓo iskar gas. Bai je ba. Ya bi ta bayan kasuwa, ya ratsa layin masu faci, ya isa tsohon gareji. Katanga ce doguwa ta bulo, an yi mata rubuce-rubuce, a bayanta gawarwakin motoci. Ya ji muryoyi da ƙarar katin caca a kan bonet ɗin mota. Akwai tsaga a katangar, amma gefen wata motar ɗaukar kaya ya tare, ba a ganin komai sai ƙafafu.

Ya duba ƙafafun. Farin takalmi har uku.

Ya jiƙa leɓe. Ya yi fiton yadda ya saba yi, da dukan ƙirjinsa: dogo ɗaya, gajeru biyu.

Amsa ta taso daga baki da yawa a tare, ƙasa-ƙasa, kamar an taɓa gidan macizai. Wani ya ce, "Wa ke nan? Shigo mana." Amma a cikin hayaniyar ya ji wani abu dabam. Wani bai amsa ba. Benci ya faɗi, wani ya taka rufin mota, ya dira ta ɗaya katangar, ya zuba a guje. Sauran suka fashe da dariya. "Kai! Me ya kore shi? Namu ne fa!"

Su fito suka ji. Shi wancan da ya gudu ya gane bakin da ya yi shi.

Mai Walda bai jira a leƙo ba. Ya juya ya tafi, bai yi sauri ba. Ya ratsa kasuwa ta rumfar masu gyaran waya. Ƙusa na zaune a can a kan kujerar roba, ya sunkuya a kan wata waya da aka farke, yana cin gyaɗa. Ba haki, ba gumi. Mai Walda ya tsaya daga nesa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya wuce.

Ya tarar da Babba a shago, ya sa gilashi, yana walda a kan ƙyauren da aka riga aka gama. Bayan rigarsa ya jiƙe. A gwiwar wandonsa akwai farin ƙurar bulo.

Mai Walda ya kashe injin daga bango.

Babba ya daɗe bai cire gilashin ba. Da ya cire, bai dubi ubansa ba.

"Bai kamata ka je can ba, Baba. Da sun leƙo, ba su san sabo ba."

"Na ce maka gas zan karɓo."

Mai Walda ya matso kusa da shi.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Mai babur fa?"

"Ban taɓa shi ba. Ni kallon hanya nake yi musu. In na ga wani abu, in yi kira."

"Da bakina."

"Shi na iya."

Mai Walda ya dubi hannayen nan masu tabon tartsatsi. Ya so ya tambayi dalili, ya ga ba abin da amsar za ta gyara. Ya ɗauko kwaɗo daga jikin bango, ya fara jawo ƙarafa ciki.

"Wanke fuskarka. Yau za ka kai kanka. Ba wurin Sajan ba, babban ofis, kuma da Lauya za mu, ya karanta duk abin da za a ce ka sa wa hannu."

"Baba, ba haka kawai ake shiga ba. Lauya bai gaya maka sauran ba. Sai ka faɗi wanda ya kawo ka, da wanda ka kawo. In ka ɓoye ɗaya suka gano, ƙofar ta rufe."

"Sai ka faɗa. Ba uwa ɗaya ta haife ku ba."

Babba ya ɗago ido a karon farko.

"Wanda na kawo, ita ta haife mu."

Wata mota ta wuce, ƙarafan tagar Sajan suka yi ƙara a jikin bango. Mai Walda ya tsaya da kwaɗo a hannu.

"Yana rumfa. Na gan shi da idona."

"Ranar aikinsa ce. Wayoyin da ake kawowa, shi ke buɗe su."

Mai Walda ya zauna a benci. Ya yi kwanaki yana auna wanne ne, kamar mai zaɓen wanda zai yanke a cikin yatsunsa. Bai taɓa kawo wa ransa wannan ba. Ya tuna uwarsu da maganar hatsi da tarko. Wataƙila ita ce da gaskiya. Amma ɗaya hanyar ya san ƙarshenta, tana zuwa ta zauna masa a benci tana hirar siminti.

"In mun faɗi sauran," in ji Babba, "ba za su bar shagon nan ba. Ko gidan."

"Ƙofofin gidan ni na haɗa su."

Ya miƙe ya jawo ƙofar shago, ta sauko da ƙara. A tsallaken titi Lauya ya leƙo, ya ga an rufe da rana, ya fito bakin ƙofarsa yana goge hannu.

"Bari in je in kira Ƙusa," Babba ya ce. "Ni zai fi saurara. Ka jira mu a nan."

Mai Walda ya dube shi. Fuskar nan ce dai, mai sanyi, wadda ta ce barci nake yi. Tsakanin nan da kasuwa akwai lunguna da yawa, da tashar mota.

Ya datse kwaɗo. Ya kama wuyan hannun ɗansa, riƙon da yake yi wa ƙarfe in zai yanka.

"Tare za mu."