Rafin da Ubale Ya Sani

Da idanun Ubale masunci suka mutu, ya roƙi 'yarsa Saude ta kai shi rafin da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kamun tarwaɗa. Ta ja masa sanda har bakin ruwa. Ashe wankin kuzar Turawa ya mai da rafin jan taɓo, ko kwaɗo ba ya kuka.

"Saude, zalɓen nan yana kan dutse?"

Ƙarya ta zo mata baki, ta haɗiye. "Babu shi, Baba."

Ya tsoma hannu, ya murza laka.

"Mai da ni gida."

Tana gaba tana hawaye a hankali, don kada ya ji.