Sha Ɗaya ga Wata a Dokki

Tun ranar da Hidaya ta fara aiki a gidan, Sridhar ya ja mata kunne a kan abu guda: kada ta kuskura ta bar uwarsa ta yi azumi. Injiniya ne ɗan Indiya, aikinsa can cikin sahara wajen rijiyoyin mai, sai a daɗe bai leƙo Alƙahira ba. Uwar, Kamalamma, ya ɗauko ta ne daga garinsu bayan rasuwar mahaifinsa, ya ajiye ta a saman wani bene a unguwar Dokki inda ba ta san kowa ba. Ciwon suga ya tafi da idanunta, ƙodarta ma ta fara gazawa. Likita ya hana azumi. Shi kuwa ɗan, da yake ya san taurin kan tsohuwarsa, sai ya goge manhajar da ke karanta mata ranakun watansu na ƙabilar Telugu a waya, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya kama bakinsa. Ƙaunar 'ya'yan zamani ke nan, su rufe mutum a ɗaki su ce hutu suka ba shi.

Hidaya matar Abdulhadi ce, ɗalibi a Azhar. Daga unguwar Arba wa Nus take fitowa kullum da sassafe, ta sha matsi a mota, ta iso a gajiye. Da guntun Turanci suke magana da tsohuwar, inda ya ƙare su cike da hannu. Tana kiranta Amma, wato uwa a yarensu, ita kuma tana ce mata 'yata.

Wata rana Amma ta ce a zuba shayi kofi biyu, Hidaya ta ce tana azumi, yau sha uku ga wata. Tsohuwar da ko juyi ba ta yi sai an taimaka mata ta yunƙura ta zauna da kanta.

"Ku ma da wata kuke ƙirga?"

Hidaya ta ce ƙwarai, ai da shi suke azumi, da shi suke salla.

Ranar Amma ta yi surutun da ba ta taɓa yi ba. Ta ce su ma ranar sha ɗaya ga wata suke azumi, Ekadasi suke kiranta, kuma a ranar ba a kai ƙwayar shinkafa baki. Na sauran watanni ta haƙura da su, tunda an ɓoye mata. Sai dai akwai guda a tsakiyar sanyi, kafin bikin girbinsu, wadda suka yi imani ana buɗe ƙofar aljanna ta arewa a cikinta. Tun da aka kai ta ɗakin miji ba su taɓa ƙetare ta ba, ita da shi. Yanzu yana bayan ƙofar yana jiranta. Ta kuma ji abin da likita ya faɗa wa ɗanta a bakin ƙofar ɗakinta, don makanta ta same ta, ba kurumta ba. Ta bana ce ta ƙarshe. Abin da take roƙo kawai a gaya mata ranar.

Da ta gaya wa Abdulhadi, bai so ba ko kaɗan. Ya ce wannan taimaka wa shirka ne, kuma idan tsohuwar ta faɗi a hannunta wa zai tsaya mata a ƙasar da ba tasu ba? Hidaya ta ce ita ba bauta za ta taya kowa ba, kwanan wata za ta faɗa, wanda ko direban mota ya tambaye ta za ta gaya masa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki yi abin da kika gani," ya koma kan karatunsa. Ita ma ba ta saki jiki gaba ɗaya ba, sai da Amma ta yi mata alkawarin za ta sha madara ta ci ayaba, tunda azuminsu ya yarda da wannan.

Rajab ya tsaya cikin sanyi mai shiga ƙashi. Kowace safiya Hidaya na cire takalmi za ta faɗi kwanan wata, Amma ta maimaita a hankali tana lanƙwasa yatsa.

Ranar goma Hidaya ta ɗaura zane ta shiga kicin. A gidansu ba a sakin mutum ya shiga azumi da ciki wayam, balle mara lafiya. Ta dafa shinkafa ta yi laushi, ta dama ta da kindirmo yadda tsohuwar ke so. Amma ta kawar da kai, ta ce ranta ba ya so yau, ita ma ba ta san dalili ba. Hidaya ba ta ƙyale ta ba. Ta zauna a bakin gado ta yi ta lallashi, ta ce idan ba ta ci ba gobe babu azumi, har da tsokanar cewa tsohon ba zai gane ta ba idan ta isa a rame. Amma ta yi dariya ta buɗe baki. Cokali bayan cokali har kwanon ya ƙare, Hidaya ta tafi gida tana jin daɗin kanta.

Washegari ta yi mata wanka, ta naɗa mata sarin siliki da ya daɗe a akwati, ta kunna mata 'yar fitilar mai, ta juya kujerarta ta fuskanci arewa. Amma ta haɗa tafukanta tana motsa leɓe. Hidaya ba ta taɓa ganin fuskarta da haske haka ba.

Da hantsi waya ta yi ƙara. Ƙanwar Amma ce daga Indiya. Ta ɗauka tunda abu ya wuce babu laifi a yi zancensa, sai ta shiga ba da labarin cunkoson da suka sha jiya a wurin bauta, da yadda ta buɗe baki yau da sassafe. Hidaya ba ta jin Telugu, amma ta ga wayar ta zame daga hannun tsohuwar ta faɗa kan cinyarta.

Abin ba wani mai zurfi ba ne, shi ya sa ya fi ciwo. Mu sai an ga jinjirin wata muke cewa ɗaya. Su kuwa tun yana cikin duhu, ido bai gan shi ba, suka fara ƙirga. Goman Hidaya ita ce sha ɗayan Amma. Wata ɗaya suke kallo su biyun, babu wadda ta yi tunanin tambayar 'yar'uwarta daga ina take farawa.

"Jiya me kika ba ni?" in ji Amma.

Hidaya ta durƙusa ta riƙe ƙafarta tana rantsuwa ba ta sani ba, hawaye na zuba. Amma ba ta janye ƙafar ba. Cewa kawai ta yi a kira mata ɗanta.

Da Sridhar bai ɗauka ba da ya fi. Ya saurari uwarsa cikin yarensu, sai ya saki dariyar wanda aka sauke wa kaya. Ya juya Turanci, murya a sake, duk ɗakin na ji. Ya gode wa Hidaya. Ya ce shi kansa wannan dabarar ba ta zo masa ba, a bar tsohuwa ta ƙirga abinta, a zame mata da kwana ɗaya, ta ci ta ƙoshi a ranar. Ya ce dama ya san bai yi zaɓen banza ba. Hidaya ta ɗaga murya tana cewa ba haka ba ne, wallahi kuskure ne, amma layin sahara ya riga ya yanke.

Amma ta lalubi fitilar ta kashe da yatsunta.

"Ashe ke ma tasa ce," ta ce. "Kawo abincin. Yau ranar ci ce."

Daga ranar ba ta ƙara musu da kowa ba. Magani ta sha, allura ta miƙa hannu, abinci ta ci duk abin da aka ajiye, sai dai da hannunta, tana lalube tana zubarwa a jikinta, ba ta ƙara karɓar cokali daga Hidaya ba. Idan tana son ruwa sai ta buga kofi a kan tebur. Hidaya ta yi bayani har ta gaji. Ta kawo Abdulhadi da kansa ya zauna ya fayyace mata yadda ƙirgen biyu suka saɓa, da Turancinsa mai kyau. Amma ta saurare shi har ƙarshe, ta gode masa da ladabi, ta ce ɗanta ya iya zaɓen mutane.

Ta rasu cikin Sha'aban, wata Talata da la'asar, Hidaya na zaune kusa da ita. Da numfashin ya fara sarƙewa Hidaya ta kama hannunta, ta sunkuya ta sake faɗa mata a kunne cewa ba da gangan ta yi ba. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata, tsohuwar ta zare hannunta ta ɗora a ƙirjinta.