Jan Zare Uku a Cikin Kalmasa

Tun daga kan iyaka na gane kwana ukun nan ba za su yi daɗi ba. Muna layin buga hatimi a fasfo Fitila ta miƙo min jakarta ko waiwayowa ba ta yi ba, kamar mai rataya kaya a ƙusa. Na karɓa. Shekara talatin ke nan ina karɓa, tun muna aji uku a firamare, benci ɗaya, ita a bakin taga inda kowa zai gan ta. Tun lokacin ake ce mata Fitila, ni kuma Allura, don ba a raba ni da allura a bakin ɗankwali.

Ita ta kawo shawarar tafiyar. Mijinta ya tafi kwas, yara suna gidan kakarsu, ta ce mu tsallaka ƙasar maƙwabta mu ga tafkin da ake ta labari da tsohon gidan tarihi. Sati uku na yi a kan keke ina ɗinka mata kayan tafiya, kala shida, biyu a kowace rana. Na bakwai bai ƙarasu ba, na bar shi a kan tebur da hannu ɗaya. Ni kuwa tsofaffin kayana uku na ninke, na rufe shago.

Duk kayan da ya fita daga shagona akwai alamata a jiki: ɗinki uku ƙanana da jan zare, a cikin kalmasa ta gefen hagu. Fitila ce ma silar abin. Ranar da ƙusar benci ta yaga mata rigar makaranta tana kuka don tsoron dukan babarta, jan zare kaɗai gare ni, da shi na ɗinke ta ciki. Ta share hawaye ta ce, "Ki dinga sa wannan, ko'ina na ga hannunki in gane."

A otal, mai karɓar baƙi ya ba Fitila makullin ɗakin sama, ya juyo gare ni da wani makulli mai igiya.

"Ɗakin mai aiki yana baya, kusa da wurin wanki," in ji shi.

"Mai aikin wa?" na tambaya.

Fitila ta yi caraf ta ce, "Ke dai da neman magana. Sun yi kuskure ne, kuma ɗakuna sun cika. Ba barci kawai za ki yi ba?"

Na karɓi makullin. Ɗakin katifa ce siririya, da taga mai kallon igiyar shanya, da injin wanki da ke gurnani ta bayan bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce wa kaina wataƙila kuskuren ne.

Washegari aka kwashe mu a motar 'yan yawon buɗe ido, da jagora mai riƙe da 'yar tuta yana ta zuba kamar rediyo. A gidan tarihi ban ga komai ba sai Fitila ta cikin waya. Fitila a bakin ƙofar ƙarfe, Fitila a jikin tsohuwar igwa, Fitila tana kallon sama kamar an kira ta.

"Ki durƙusa mana, kin mayar da ni gajera!"

"Allah ya yi ki gajera, ni ce zan ƙara miki?"

"Kin cika baƙar magana. Sake ɗauka."

"Ni ma ki ɗauke ni ko ɗaya, in nuna wa yarana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Bari sai mun je tafki, nan ba haske."

Hasken da ya ishe ta hoto arba'in ne bai ishe ni ɗaya ba.

Da la'asar muka shiga jirgin ruwa. Fitila ta canza zuwa shuɗiyar rigar da na kwana biyu ina yi wa tattara a hannu, ni ina bayanta da jaka biyu da lema da gorar ruwa. Kusa da ita wata dattijuwa ce mai tabarau, ta ce tana da kantin tufafi a garin. Ta kama hannun rigar tana murzawa, irin murzar wanda ya san ɗinki.

"'Yata, wa ya yi miki wannan aiki?"

Na ɗago kai, har na fara murmushi.

"Daga waje maigidana ya sa aka yo min, Mama," in ji Fitila. "Telolinmu ina za su iya wannan?"

"Ba shakka. Wannan kuma ƙanwarki ce?"

"A'a, mai aikina ce. Tana taya ni da kaya."

Ashe ba kuskure aka yi a otal ba. Na ajiye jakunkunan a ƙasan jirgin, inda ruwa ya ɗan taru, na sunkuya na kama bakin rigarta ta hagu na juya.

"Ke, lafiyarki? Sake min riga!"

"Mama, ki duba nan," na ce wa dattijuwar. Ta gyara tabarau ta ga jan zare uku. Na juya kalmasar tsohuwar rigata, ta ga uku. Na zuge jakar Fitila na zaro ta safe, da ta jiya, duk uku uku. "Can wajen da aka yo mata, shagona ne, ƙofa ɗaya da taga ɗaya. Kuma ba mai aikinta ba ce ni. Benci ɗaya muka zauna."

Kowa a jirgin ya juyo, har jagora ya sauke tutarsa. Dattijuwar ta saki hannun rigar, ta matsa kaɗan, ta ce min, "Allah ya yi wa hannunki albarka." Ta juya wa Fitila baya.

Muna sauka a gaɓa Fitila ta finciko ni gefe.

"Kin tozarta ni a gaban mutane! Hankalinki ya kwanta?"

"Ke da kika kwantar da ni a ɗakin wanki fa?"

"Da ba don ni ba, ina za ki ga fasfo da idonki? Ki dubi kanki mana. In na ce ƙawata ce, wa zai yarda?"

Wannan ta fi ta cikin jirgi zafi. Na dubi rigata, ta koɗe a kafaɗa, gaskiya ne.

"Da kin bar min kwana biyu a cikin sati ukun, da na ɗinka wa kaina," na ce.

Ta yi tsaki ta wuce. Ta yi taku biyar ta tsaya tana jiran a biyo ta da jaka. Na wuce ta da tawa.

Rana ta uku kowa ta yi yawonta. Ni na koma gidan tarihi na kalli abin da ban gani ba, na roƙi wani mai gadi ya ɗauke ni hoto a jikin igwa, ya yanke min rabin kai. A motar dawowa ta zauna gaba na zauna baya. Ta tsakanin kujeru ina hango ta tana fama da jaka biyu a cinya, ban tausaya mata ba ko kaɗan, kuma hakan ya ba ni tsoro.

Na buɗe shago na tarar da riga ta bakwai inda na bar ta. Na sa mata hannu, na yi kalmasa, na goge ta tas, don ba na sakin aiki rabi. Na ba mai babur ya kai mata.

Bayan kwana biyu ina kan keke inuwa ta tare min ƙofa. Fitila ce, ba kwalliya, da rigar a hannu, ta juyo kalmasar hagu waje. Da gani ta bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe.

"Allura," ta ce a hankali, "kin manta jan zaren."

Ƙwaryar zaren tana nan kusa da gwiwar hannuna, ja a sama. Na daidaita yadin da ke gabana a ƙarƙashin allura.

"Ban manta ba," na ce, na ci gaba da taka keke.