Ƙullin Bahago

Tun bara, ranar da yarinyar nan mai zanen kujeru ta fara ɗaukar hoton hannuna ina saƙa, hankalina bai kwanta da ita ba. Shekara arba'in ina saƙar gadon igiya, ba wanda ya taɓa sha'awar yatsuna. Ita ce ta zo da kujerunta na baƙin ƙarfe, ƙafafu sirara kamar na zalɓe, ba ado ba komai, ta ce in saƙa musu mazauni irin saƙar gado. Na saƙa, mutane suka yi ta rububi. Amma na san irinsu: su koyi hannunka, su nemo mai araha, su sallame ka da "sannu Baba".

Ni bahago ne, ƙullina na ƙarshe a ƙasan kujera hagu yake kallo. Ran nan da hantsi na faɗa shagonta, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba, na kifa kujerar farko. Ƙullin dama yake kallo. Ta biyu ma haka, har shida.

"Wa kika samo?" na tambaye ta.

"Baba, zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Na sake dubawa. Zagaye uku, sannan a soke bakin igiyar ciki. Mutum ɗaya na taɓa koya wa haka: autata, wadda kwanan nan ba ta da magana sai za ta gidan ƙawarta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe da 'yar cikina aka haɗa baki.

Na faɗa wa mai zane haka, ba ta musa ba. Ta shiga ciki ta jawo wata kujera, ta kifa ta a gabana. Ƙullin hagu.

"Wannan ce autarka ba ta kai ga warwarewa ba," in ji ta. "Wata huɗu ke nan tana kwance saƙarka tana sake ja. Ita ta roƙe ni kada in faɗa maka. Baba, don Allah zauna a kai."

Na miƙar da kujerar na zauna, don in ƙaryata ta. Igiyar ta yi ƙasa da ni a hankali, har sai da ƙarfe ya tokare mini cinya. Saƙar daidai take, ko layi ɗaya bai kauce ba. Ƙarfin jan igiyar ne babu.

Na daɗe zaune ina kallon hannuna. Sannan na ce mata hotunan nan na bara, ta adana su, kada ta goge.