Rantsuwar da Irimiya Bai Yi Ba

"To ka mutu da taurin kanka, Baba! Ka mutu ka bar mu da abin faɗa!"

"Rage murya, Filibus. Hansai na kan turmi."

Ina kan turmin kuwa. Na kife shi jikin katangar da ta raba gidana da na Irimiya mai injin niƙa, na hau wai zan kwashe kuɓewar da na shanya. Kuɓewar ta bushe tun shekaranjiya, amma ai ba ta gaya wa kowa ba. Da na ji sunana sai na duƙa, gwiwa ta ce ƙas, na ci gaba da saurare a haka.

"Hannu kawai za ka ɗora," in ji Filibus, ɗansa tilo, wanda ya rufe shagonsa na gyaran waya a Funtuwa ya taho kan wannan magana. "Ka ɗora a kan littafin, ka ce ka rantse, shi ke nan. A kotu ba a yi? Manya in za su hau kujera ba sa yi? Fasto ma ya ce ba laifi in don a tsira da mutunci ne."

"Fasto da nasa karatun, ni da nawa. Abin da na karanta, Almasihu ya hana ni rantsuwa. In e ce in ce e, in a'a ce in ce a'a. Na kuwa ce musu a'a."

"A'ar taka wa ya saya?"

Sai tarin tsohon.

Bari in koma baya, don kar ku ce Hansai ta fara labari daga wutsiya. A daminar nan, da la'asar sakaliya, mutanen daji suka shigo unguwarmu ta bayan kasuwar Batsari. Ba su yi dube-dube ba, kai tsaye gidan Alhaji Tayyib mai hatsi suka nufa, har ɗakin da 'yarsa take sun sani. Suka tafi da ita, suka harbe wani matashi a bakin lungu. Matashin ƙanen Shafi'u ne, shugaban 'yan sa-kai na unguwa. Kowa ya ce akwai infoma a cikinmu, mai kai musu labari. Ni ma na faɗa, don gaskiya ce, aljani bai nuna musu ƙofa ba.

Mai unguwa Mani ya tara magidanta a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Kowa ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba shi da hannu. Mata ba sa zuwa irin wannan taro, amma soron maƙwabcinsa yana da wata ɓula da na daɗe da sani. Irimiya shi kaɗai ne Kirista a layinmu. Iyayensa daga wani ƙauye ta wajen Safana suka taso, shi kuwa tun kafin in aurar da 'yata ta fari yake mana niƙa. Aka ce ya zo da nasa littafin. Ya zo da shi a naɗe cikin tsohon ɗankwalin marigayiya matarsa.

Shafi'u ya tsaya a kansa, idanu jawur. "Matan rugage suna kawo maka niƙa?"

"Suna kawowa."

"Garin wa ke ci?"

"Ban taɓa bin ƙwarya in ga bakin da ke ci ba."

"Wato zai yiwu mutanen daji sun ci tuwon niƙanka."

Jama'a, ko jaririn goye ya san amsar da ake bayarwa a nan. Irimiya ya sunkuyar da kai, ya yi nazari kamar ana tambayarsa hanya, ya ce, "Zai yiwu. Ban sani ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni.

"Ka taɓa kai musu labarin wani?"

"A'a."

"Rantse."

"Ba na rantsuwa, Shafi'u. Littafin da ka ce in dafa, shi ne ya hana ni. A'a na ce maka, kuma Allah na ji."

Liman ya miƙe ya ce shi dai bai taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba. Shafi'u ya ce, "Allah gafarta Malam, kowa ya rantse sai shi. Ni kuma na binne ƙanena." Liman ya koma ya zauna.

Ba su dake shi ba. Da ma dukan suka yi, da ya warke. Daina zuwa aka yi. Mata suka koma kai niƙa can bakin tasha, inda ake ba ka gari kamar yashi. In ya yi sallama a majalisa sai kowa ya tuna yana da abin dubawa a waya. Wani ya rubuta "infoma" da gawayi a ƙofar shagon, ya wanke, aka sake rubutawa, ya bar shi. Har mutanen cocinsu da ke ɗaya unguwar suka ja ƙafa. Na ji daga bakin wata mai sayar da manja cewa suna faɗin zai ja musu masifa su duka saboda abu ɗan kaɗan. Amma kullum da hantsi sai ya tayar da injin, ya bar shi ya yi ta kuka ba ko tsaba a ciki, wai kar ya yi tsatsa.

Ɗana Muntaka ya ce in na ƙara taka shagon nan zai daina aiko min cefane. Ban taka ba. Ta kan katanga nake miƙa ƙwaryata.

"Hansai, niƙa kika kawo ko kunne?"

"Duka biyun. Ka niƙa da laushi, ka san haƙoran sun yi ritaya."

Wata rana yana miƙo min garin na ce, "Kai Irimiya, wai mece ce rantsuwa? Ni kafin rana ta take na yi ta ba adadi, a kan daddawa ma rantsuwa nake."

"Shi ya sa in kin ce wallahi nake sake tambayar wani."

"Ka ci gidanku."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Tun Filibus na rarrafe nake karanta masa wurin nan na littafin. Lokacin ba a biyan komai a kai. Yanzu da abin ya zo da tsada sai in ce masa ba haka aka rubuta ba? Kuma in a'ata ba ta iya tsayuwa sai na jingina ta da sunan Allah, to wace irin a'a na yi ta gaya muku shekara da shekaru?"

"Ba ka jin tsoro?"

"Ina ji. Ko tuwo ba ya wuce min nan." Ya nuna maƙogwaro. "Ina addu'a, Hansai, amma kwanan nan kamar da bango nake magana."

Wannan ban kai wa kowa ba. Ni kaina na yi mamaki.

To, wannan ita ce rigimar da na hau turmi a kanta. Filibus ba don mugunta yake ihu ba. Maganar ta bi shi har Funtuwa, mai gidan da yake haya ya fara yi masa tambayoyi, 'ya'yansa an fara nuna su a makaranta. Ya so ya sayar da gidan da injin ya kwashe tsohon, amma wa zai sayi kayan infoma a gan shi?

Ana cikin yankan gero Irimiya ya faɗi a gefen inji. Ni na fara jin abin, don injin ya yi ta kuka har azahar ba a kashe ba. Masu babur uku Filibus ya tsayar, kowa ya ce mansa ya ƙare. A kurar ruwa ya tura uban zuwa asibiti, ƙafafu na reto. Aka dawo da shi ɓarin dama a mace, baki a karkace, magana ba ta fita sai gurnani.

Filibus ya je ya durƙusa wa Mai unguwa. Mai unguwa, wanda shi ma abin ya ishe shi, ya ce in maƙwabci ko da guda ɗaya ya shaida cewa tsohon ya dafa littafinsa ya rantse, zai tara jama'a ya ce magana ta mutu. Maƙwabcin da zai yarda ya shiga gidan kuwa, kun san ko wace ce.

Bayan azahar Filibus ya zo ya kira ni. Ɗakin na warin man zafi da fitsari. Irimiya na kwance a katifa, ya zama kamar kara. Da ya gan ni ɓarin bakin da ke da rai ya ɗan motsa, na san tsiya yake son yi min.

"Inna Hansai, ki duba da kyau," in ji Filibus.

Ya warware ɗankwalin, ya ɗora littafin a kan ƙirjin uban. Ya kama hannun daman nan da ya mutu, ya ɗaga shi kamar ana ɗaga tsumma, ya shimfiɗa a kan bangon littafin. Ya ce, "Baba, ka rantse ba ka taɓa kai labarin kowa daji ba. In ka yi shiru, ka rantse ke nan."

Na ce a raina yaron nan ya iya dabara. Mai mataccen baki ai dole ya yi shiru.

Sai na ga hannun hagu ya taso daga gefen katifa. A hankali, yana kakkarwa, ya rarrafa kan ciki kamar ƙadangaren da aka jefa da dutse. Ya kai ga wuyan hannun dama, ya kama. Ya ja, bai motsa ba. Gumi ya keto wa tsohon a goshi. Ya sake ja, yana gurnani, har mataccen hannun ya zame daga kan littafin ya faɗi jikin haƙarƙarinsa. Sannan ya juyo da ido kaina, ya tattara duk abin da ya rage masa, ya ce, "A'a."

Filibus ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Washegari da hantsi, daidai lokacin da ya saba tayar da inji, Irimiya ya cika. Fasto ya zo da mutane 'yan kaɗan a bayan wata a-kori-kura, suka yi waƙarsu ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron tada barci. Liman ya tsaya a ƙofar gida har aka fita da gawar, ya yi wa Filibus gaisuwa. Sauran layin kowa na leƙe ta ƙofarsa. Ba a jima ba mutanen daji suka sake ɗaukar mutane ta wajen Yasore. Na ce to, ga shi yana ƙasa kuma ba a fasa ba. Aka ce ai irinsu ba sa mutuwa sai sun bar magaji. Aka fara kallon Filibus.

Ranar da zai koma Funtuwa ya aiko in same shi a shagon. Wannan karon ta ƙofa na shiga, Muntaka ya yi abin da zai yi. Yana tsaye jikin injin, ya rame, idanu sun faɗa.

"Inna, kin ga hannunsa a kan littafin ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"To shi ke nan abin da nake roƙo. Ki je ki gaya wa Mai unguwa kin gani. Ba ƙarya kika yi ba."

"In na faɗi wannan hannun, ɗana, sai na faɗi ɗayan."

"Wa ya tambaye ki ɗayan?" Ya matso. "Inna Hansai, ke fa! Auren mutane nawa kika ɗaura da baki kika kwance da baki a unguwar nan? Akuya ta yi tari kin ce ta haihu. Yau ɗaya da maganarki za ta yi wa wani amfani? Ya mutu, ba abin da zai same shi. Ni ke da 'ya'ya. Ni za a tare a hanya."

Duk abin da ya faɗa haka ne. Na buɗe baki in ce to, don na riga na shirya yadda zan tsara labarin, har da hawayen da zan ƙara. Harshen nan da bai taɓa yi min gardama ba ya kwanta a bakina kamar hannun daman Irimiya.

"Bai rantse ba, Filibus," na ce. "Ina wurin."

Ya ɗauki jakarsa, ya bar littafin a kan injin cikin ɗankwalinsa.

"Ke da Baba, ku biyun, Allah ya isa," ya ce.

Ya fita ya bugo ƙofar langa-langar har bango ya amsa. Tsohon garin da ya taru a kan azara shekara da shekaru ya saki, ya yi ta saukowa a hankali cikin hasken da ke shigowa ta ɓular kwano, yana sauka a kan injin, da ɗankwalin, da bayan hannuna.