Muryar Baba a Bidiyon Aurena

Ni fa tun farko na ce wa Tawfiq kada ya goge komai. Amma ƙanena ne, kuma tunda ya fara aiki a Sakatariya yake ganin babu abin da ya gagare shi a kwamfuta.

Umma ce ta zo mana daga Zariya ganin likitan ido. Idon ya riga ya tafi, kunnen ma ya yi nauyi. Ranar da za ta koma, muna zaune a falona a Tungan Maje, sai ta ce, "Rahmatu, a sa min muryar Malam in ji kafin in tafi."

Malam shi ne Babanmu, bara ya rasu. Bai yarda da ɗaukar murya ba, bai yarda da hoto ba. Wuri ɗaya tal muryarsa take a duniya: bidiyon aurena, inda ya yi min nasiha. Shi ma a filas ɗaya kawai yake, ɗan abin nan na adana bidiyo. Mai ɗaukar bidiyon kuwa ya rufe shago tuntuni, ko lambarsa ba ta shiga.

A kwamfuta muryar na fita, amma can ƙasa-ƙasa, Umma ba ta jin komai. Sai muka sa filas ɗin a ɗan abin nan da ake maƙala wa talabijin don kallo, saboda manyan sifiku. Hoto ya fito tas. Ga Baba cikin farar babbar riga, bakinsa na motsi. Shiru.

"An sa?" in ji Umma.

"Yanzu, Umma."

Tawfiq ya ce abin ne bai iya karanta irin sautin da ke cikin bidiyon ba, sai an juya shi zuwa wanda ya sani. Ya ce aikin minti kaɗan ne. A waje kuma direban da zai kai ta tashar Zuba ya fara danna hon.

Ya juya sautin, ya sa. Sai kiɗa ya cika falon, ganga da algaita da wata mawaƙiya tana kirarin amarya. Bakin Baba na motsi, kiɗa na tashi.

Umma ta ɗago kai. "Wannan ba Malam ba ne."

Kun san masu bidiyon biki, ba sa barin komai haka nan, sai sun ɗora waƙa a kai, ko addu'a ake yi. Ashe mutumin layi biyu na sauti ya saka a ciki, ɗaya waƙa, ɗaya muryoyin mutane. Manhajar Tawfiq ta ɗauki na farko ta watsar da na biyu.

"Koma kan na asalin," na ce.

Ya tsura wa kwamfuta ido, gumi na bin wuyansa.

"Tawfiq, da kai nake."

"Yaya, filas ɗin ya cika. Sai da na goge tsohon kafin sabon ya shiga."

Inna lillahi! Na ji kamar in kwaɗa masa mari, amma Umma na zaune, hannunta a kan gwiwa, tana jira. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Idan muryar nan ta tafi, kai za ka faɗa mata da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Hon ya sake tashi. Tawfiq ya ce ai sai da ya kwafa a kwamfuta kafin ya juya. Ya duba, babu, nan ma ya goge, wai shi mai tsabta. Ya buɗe kwandon sharar kwamfutar. Ban taɓa yi wa shara addu'a ba sai ranar.

Na asalin yana nan.

Wannan karon ni na tsaya a kansa har ya zaɓi layi na biyu. Muka jira. Umma ta fara laluben mayafinta, ta ce a bari kawai, kada a ɓata wa direba rai. Na ce ko motar za ta tafi ta tafi.

Sai muka ji tari. Tarin Baba, wanda yake yi kafin ya fara magana. Umma ta saki mayafin.

Ya yi nasiharsa, "ke 'yar nan, ki yi haƙuri, ki riƙe salla." Haka yake kirana, don ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Har ya rasu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya gama, mutane suka shafa, ya juya zai tashi. Na sha kallon wurin nan a kwamfuta, ina ɗauka shiru ne. Amma Tawfiq ya ƙure ƙara saboda Umma, sai sifikun suka kamo abin da ya faɗa a ƙasan maƙoshi.

"Allah ka riƙe min Rahmatu."

Na zauna a ƙasa ina kuka. Umma ta laluba har ta samu kaina.

"Kullum haka yake faɗa bayan asuba," ta ce. "Tawfiq, mayar da shi baya, ba ta ji da kyau ba."